Ruwan Wankan Jego a Ranar Ƙanƙara

Haihuwa ce ta kai ni Riyad. 'Yata ta fari, wadda bakina bai taɓa kiran sunanta ba tun ranar da na haife ta, ita ce ta sauka a can, ta sami namiji. Da a gida ne, ba ni zan tsaya a kanta ba. Da an kawo ta ɗakina, gwaggonta ta riƙa yi mata wanka, ni kuwa in kau da kai kamar ban san an haihu ba. To amma a can babu gwaggo, babu yaya, babu kowa. Mijinta ya yi mini takardar ziyara, na ƙulle kanwa da garin gero da yaji da daddawa a bakin zani, aka ɗora ni a jirgi.

Gidan da suke tsohon bene ne mai hawa huɗu, tsakanin unguwannin Batha da Malaz, mu muna hawa na uku. Komai na gidan nan wuta ce ke yin sa. Murhu na wuta, abin ɗumama ɗaki na wuta, tukunyar dafa ruwan wanka tana manne a bangon banɗaki, ita ma ta wuta. Ruwan kansa ma sai wuta ta ɗauko shi. Akwai wani babban rami da aka gina a ƙarƙashin zauren gidan, nan ruwa ke taruwa, inji ya tura shi tankin da ke kan rufi, daga nan ya sauko wa kowa a famfo. Duk wannan daga baya na sani. Lokacin abin da na sani kawai, in na murɗa ya zo.

Wanka sau biyu ne, bayan asuba da bayan la'asar, har kwana arba'in. Surukina yana kakkaryo mini rassan darbejiya daga wata bishiya da ke bayan wurin aikinsa. In cika baho, in tsoma ganye, in fyaɗa mata a baya da ciki da cinyoyi har jiki ya ɗau zafi, sannan ta sha kunu ta kwanta. Ta ce mini likita ya ce kada ruwan ya yi zafin ƙuna, kanwar ma a rage. Na rage. Amma ban fasa ba, kuma ba zan fasa ba. Ina da ƙanwa da muke ciki ɗaya. Shekarar da ta haihu aka yi ta jeka-ka-dawo da ita, yau a yi wanka gobe a tsallake, sanyi ya shige ta, ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Ba ta yaye yaron ba, Allah Ya yi mata rasuwa. Masu ilimi suna da nasu bayanin, ni abin da idona ya gani ke nan. Shi ya sa tun a jirgi na ƙudura a raina, arba'in ɗin yarinyar nan ko ɗaya ba zai yi giɓi ba.

Ana nan ana nan, muka kai kwana goma lafiya. Ranar sha ɗaya na tashi sallar asuba na ji kamar ana juye tsakuwa a kan rufi. Na leƙa taga. Ƙanƙara ce, fara ƙal, kamar ƙwan zabi, tana dukan motoci tana tsalle. Bayanta ruwa, bayansa iska. A garinmu ruwan sama da sanyi ba sa haɗuwa wata ɗaya, kowa da lokacinsa. A can kuwa tare suka zo, hannu da hannu. Ina tsaye a tagar nan fitila ta yi ƙifta biyu ta mutu.

Gaskiya da farko dariya na yi. An ɗauke wuta, to sai me? Mu da muka tsufa a cikinta. Na ce bari gari ya waye su kawo. Gari ya waye ba su kawo ba. Surukina ya sauka ya dawo ya ce ruwa ya shiga akwatin wutar unguwar, masu gyara sun ce sai an tsane, wataƙila gobe. Na je na murɗa famfo in tari ruwa, ya yi tari sau biyu kamar tsoho, ya yi shiru. Ashe duk gidan kowa ya riga ni tara, tankin sama ya ƙare.

Ɗaki ya fara hucewa. Siminti in ya sha sanyi ba ya da tausayi. Na lulluɓa wa yarinyar nan bargo biyu, na sa jaririn a ƙirjinta, amma ina ganin leɓenta ya fara bushewa, tana haɗa haƙora tana ɓoyewa.

Surukina ya zo ya tsaya a bayan ƙofa, ya yi gyaran murya. Ni da shi ba ma haɗa ido, ba ya cin abinci a gabana, magana ma sai ta zama dole. Ƙofar ya yi wa magana.

"Ko za a yi haƙuri da na yau? In Allah Ya kai mu gobe sai a haɗa."

Ni kuma na juya wajen jaririn. Na ce, "Angona, gaya wa babanka wanka ba a haɗa shi. Ka ce ya nemo mana ruwan zafi."

Ya ce to. Ya fita. Can sai ga shi da fulas ɗin shayi, ya ajiye a bakin ƙofa. Na ɗaga, bai fi kofi huɗu ba.

Na ce, "Angona, tambayi babanka, tsuntsu za mu yi wa wanka?"

Ya sake fita. Wannan karon ya daɗe. Ya dawo da butar shayi, da wasu 'yan ƙananan kofuna a kan faranti, da dabino. Maƙwabcin da ya roƙa ya ga ya dawo karo na biyu, sai ya ɗauka baƙi muka yi, ya haɗo mana da shayinsa dafaffe. Yarinyar nan ta tuntsire da dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "Inna, wallahi ba zai iya ba. Ya za a yi ya kalli namiji ɗan'uwansa ya ce matata za ta yi wanka? Cewa yake a taimaka masa da ɗan ruwan zafi."

Ban ga laifinsa ba. Tarbiyya ce, haka muka koya musu. Amma hantsi ya ɗaga, kuma a wurina in aka kira azahar ba a yi na safe ba, ya tafi ke nan.

Tun da na sauka garin nan ban taɓa taka ƙofa ni kaɗai ba. Ranar na zura abaya a kan zanina, na ɗauki baho a hannu ɗaya, damin darbejiya a ɗaya, na tsallaka zuwa ƙofar da ke kallon tamu na buga. Wata tsohuwa ce 'yar Yaman, sa'ata ko ta ɗan girme ni. Sau biyu muka taɓa haɗuwa, muka ɗaga wa juna hannu. Ba ta jin nawa, ba na jin nata. Na ɗaga mata bahon. Na rungume hannuwana kamar mai jijjiga jariri. Na buɗe yatsu goma, na ƙara ɗaya. Sannan na ce, "Arba'in."

Ta dafe ƙirji. Ta kalli bahon, ta kalli ganyen, ta ɗauki reshe ɗaya ta shinshina. Sai ta ture ni gefe, ta je bakin matakala ta ƙwala wa ɗanta kira da wata irin murya da ban yi zaton tana cikin wannan ɗan jikin ba. Ashe su ma suna da nasu arba'in ɗin, ba sai an yi mata dogon bayani ba.

Ɗan nata shi ne mai shagon wake da gurasa a ƙasan benen, magidanci mai furfura a gemu, amma ya hawo da gudu kamar wanda ya yi laifi. Ta yi ta zuba masa magana. Ya nuna da hannu: tukunya akwai, babba, gas akwai. Sai ya buɗe tafukansa ya ce, "Moya mafi." Wannan kam na gane, ruwa ne babu.

Na ce mu sauka. Muka sauka ni da ita, tana riƙe da gefen abayata, surukina yana biye a nesa.

A zaure na tarar da mazan gidan a tsaitsaye, kowa da waya a kunne, kowa yana jira. A waje ruwa yana gudu a titi har idon sawu, amma zauren yana da tudu, bai shigo ba. Can ƙurya akwai wata ƙofa, ɗakin wasu ma'aikatan gini ne su biyar, mutanen Damagaram, da ake kwasa a mota kullum zuwa wurin aikinsu a Dir'iyya. Ranar ruwa ya hana aiki, suna zaune a bakin ƙofa sun ƙudundune da barguna. Babbansu, wani dogo mai tsagar fuska, ya gan ni da baho ya washe baki.

"A'a, yau Kanawa sun sauko ƙasa! Hajiya, talla aka fito da ita? Me ake sayarwa?"

Na ce, "Bayi nake nema, ga shi kuwa na samu biyar a zaune."

Suka kwashe da dariya. Ya ce, "Ji Bakanuwa! Ko a Makka aka bar ku sai kun yi ciniki da liman."

Na ce, "Naka wasa ne, ɗan Damagaram. Ina da mai jego a sama, kwana sha ɗaya, ba ta ga ruwan zafi ba tun jiya."

Dariyar ta ɗauke. Ya miƙe, bargon ya zame daga kafaɗarsa. Bai ƙara tambayar komai ba, shi ma uwa ce ta haife shi. Na ce ina ruwan gidan nan yake kwana? Ya taka ya je tsakiyar zauren, ya buga ƙafa a kan wani murfin ƙarfe da aka sa wa kwaɗo. Ya ce, "Ga shi nan a ƙarƙashinmu, ya fi tsayin mutum."

Na ce, "To me ake jira?"

Ya ce, "Inji."

Na ce, "Rijiyar garinku inji ne ke ja muku?"

Ya tsaya yana kallona. Sai ya dafa kai ya ce, "Wallahi Hajiya kin kunyata ni. Shekara goma sha ina haƙar rijiya kafin in zo nan. Garin nan ya lalata mu."

Mabuɗin kwaɗon yana hannun mai gadin gidan, wani ɗan siririn bawan Allah daga Bangaladash. Ya ce shi ba zai buɗe ba sai mai gida ya ce, kada wani ya faɗa a kama shi. Gaskiyarsa ce, baƙo ne kamar mu, takardar zamansa a hannun wani take. Tsohuwar nan ta karɓi wayarsa ta ce a kira mata mai gidan. Ban san abin da ta faɗa masa ba. Na dai ji ta ambaci Allah sau uku, arba'in sau biyu. Ta miƙa wa mai gadi wayar, ya saurara, ya ciro mabuɗi.

Aka ɗaga murfi. Na durƙusa na leƙa da fitilar waya, ruwa ne garau, ruwan sama bai taɓa shi ba. Surukina ya kawo igiyar jan mota, aka wanke wani bokitin roba. Wani Bamisire mai ƙiba da ke hawa na biyu ya ce a ba shi, ya jefa bokitin. Bokiti ya sauka ya zauna a kan ruwa yana yawo kamar ƙwarya. Ya girgiza, ya jijjiga, ya jawo, ko cikin cokali babu. Wani ya karɓa, haka. Badamagaren nan yana gefe ya harɗe hannu yana kallonsu, sai da suka gaji. Sannan ya ɗauki kwaɗon da aka cire, ya ɗaure shi a gefe ɗaya na bakin bokitin, ya sake shi a hankali. Yana taɓa ruwa ya kife ta wajen nauyin, ya nutse, ya cika. Ya ja, hannu bisa hannu, bayansa a miƙe, igiya tana naɗuwa a gefen ƙafarsa ba ta harɗe ba. Bokiti ya fito fal, ko ɗigo bai zuba ba.

Zauren nan ya ɗauki kabbara. Ni kuwa na ji wuyana ya ƙara tsawo.

Mai wake ya jawo murhunsa bakin ƙofar shago ta ciki, inda iska ke shiga, ya ɗora tukunyar da yake dafa shinkafar biki. Bokiti shida ta ci. Kafin ta tafasa na tsara su. Na ce ruwan sanyi a miƙa hannu da hannu a kan matakala, wannan ba komai. Amma tafasasshe ba a miƙa shi. Mutum ɗaya ya ɗauka, rabin bokiti, da murfi, kowa ya manne da bango ya ba shi hanya. Surukina ne ke juya maganata zuwa Larabci, kansa a ƙasa, gumi yana keto masa cikin wannan sanyi.

Bamisiren nan ya tambaya, wai duk wannan ruwa na mene ne? Na ga surukina yana neman inda zai shige. Kafin ya buɗe baki Badamagare ya amsa daga bakin rami, ya ce, "Shayin Hajiya ne. Kanawa da baho suke sha." Aka fassara, aka yi dariya. Na tabbata babu wanda bai gane ba, tunda tsohuwa ta riga ta shelanta wa duniya a waya. Amma daga nan har aka gama, duk wanda ya ɗauko bokiti sai ya ce a ba da hanya ga shayin Hajiya. Ba wanda ya ambaci wanka, ba wanda ya ambaci matar wani. Na riƙe musu wannan karamcin.

Maza suka tsaya a hawa na biyu, ba su ƙarasa ba. Daga nan mata suka karɓa. Ban san lokacin da suka fito ba: matar Bamisire, da wasu 'yan Sudan biyu, da surukar tsohuwa. Ƙofofin da kwana goma nake gani a rufe, ranar duk a buɗe suke.

Tsohuwa ta karɓi jaririn, ta buɗe gaban rigarta ta sa shi a fatar ƙirjinta, ta rufe da mayafi, ta zauna a kan gado tana yi masa wata 'yar waƙa ta ƙasarsu. Ni kuma na shiga da yarinyar nan banɗaki, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma, na jingina waya a kan taga tana haska mana. Na sirka ruwan, na gwada da gwiwar hannu. Na yi bisimilla na tsoma ganye.

Fyaɗawar farko ta zabura ta ce, "Wayyo Inna, zafi!"

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Tururi ya cika ɗakin har ba na ganin fuskarta. Na bi bayanta, na bi kafaɗu, na bi ciki a hankali, na bi ƙafafu har tafin sawu. Karkarwar ta tsaya. Jikin da ya yi fari-fari ya dawo da launinsa. Ina ɗaura mata zani ina jin ladan yana gwada murya, babu lasifika ranar, da bakinsa ya kira daga ƙofar masallaci. Mun riga shi.

Na kwantar da ita na lulluɓe, gumi yana tsattsafo mata a goshi. Na tsaya a kanta na ɗan jima. Mu ba ma nuna wa ɗan fari so a fili, kuma ban nuna ba. Na dai gyara mata bargo sau biyu alhali ba abin da ya same shi.

Da na sauko mayar da bokiti, sai na tarar layi ya kafu. Gida goma sha shida ne a benen, kowa yana son na alwala, na girki, na banɗaki. Har an fara ɗaga murya. Badamagare ya ce shi ba ya ja wa kowa sai wanda Hajiya ta nuna. Aka kawo mini kujera daga shagon wake, aka ajiye a bakin rami, aka yafa mini bargo. Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba, na zauna ina nuna mutane da yatsa. Masu jarirai su fara, sai masu tsofaffi da marasa lafiya, sai sauran. Kowa bokiti biyu, in an zagayo a ƙara. Wani mai gilashi, an ce malamin jami'a ne, ya zo zai tsallake. Na nuna masa baya. Ya koma.

Mutanen nan biyar suka yi ta ja bi da bi har la'asar, tafukansu suka yi ja. Mai wake ya ƙi kashe murhu. Duk wanda murhunsa na wuta ne ya sauko da tukunyarsa, ana ɗorawa ana saukewa. Na aika aka ɗauko mini garin gero, na dama kunu cikin babbar tukunya na raba wa masu ja. Badamagare ya kurɓa ya lumshe ido, ya ce, "Ashe Kanawa sun iya wani abu ban da surutu." Ɗaya daga cikinsu ya juya ya fuskanci bango yana sha. An ce mini shekararsa huɗu bai je gida ba.

Wankan la'asar ba sai da na roƙi kowa ba. Ina idar da salla na ji ana buga ƙofa, ga bokitai a jere. Na washegari da safe ma haka, mai wake ya kunna wuta tun kafin ya buɗe shago. Sai wajen azahar ta rana ta biyu fitilu suka kama, injin ya yi gurnani ya tashi. Gidan ya kaure da sowa. Aka mayar da murfi, aka kwance kwaɗo daga bokiti aka kulle.

Muka ci gaba da ƙirga kwana, safe da yamma, safe da yamma, har arba'in ta cika cif, babu giɓi ko ɗaya.

A al'adarmu in an yi arba'in mai jego takan ci ado ta goya ɗanta ta zaga dangi, a ga ta fita lafiya. Ranar na ciro mata atamfar da na zo da ita, na ce ta shirya. Ta ce, "Inna, wa muke da shi a nan da za mu je wa?" Na ce ta ɗauko mayafi kawai.

Muka fara da ƙofar da ke kallon tamu. Tsohuwa ta shafa wa yaron turare a ka, ta tofa masa addu'a, ta cusa mana leda cike da wani gari mai ƙamshi da har yau ban san sunansa ba. Muka sauka hawa na biyu, muka sauka na ɗaya, ƙofa bayan ƙofa. Ranar Juma'a ce, ma'aikatan ginin suna gida. Badamagare ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓi yaron. Ya ɗaga shi ya auna nauyinsa, ya ce, "Hajiya, wannan ba naku ba ne. Dubi ƙirji. Wannan in ya girma namu ne."

Na ce, "Allah Ya kiyaye. Miƙo mini angona kafin ka koya masa ƙarya."

Da muka gama ta mayar da shi baya ta ɗaure, ta kama matakala. Hawa uku ta haye a tashi ɗaya, da goyo, ko bango ba ta dafa ba. Ni ce na tsaya sau biyu ina mayar da numfashi. Ta leƙo daga sama ta ce, "Inna, in sauke shi in dawo in goyo ki?"

Na ce ta wuce ta ba ni wuri, ina tafe.